Tauraron Bama

A gidaje da dama a Arewa akwai wata 'yar lamba da ake ɓoyewa a gindin akwati: tauraro mai tsini 6, launin tagulla, rataye da ƙyalle ja mai ratsin shuɗi da ruwan goro. Sunanta Tauraron Bama. Ba Bama ta Borno muke nufi ba, ƙasar Bama ce ta Asiya, wadda yau ake kira Myanmar.

Gwamnatin Ingila ta ba da ita ga waɗanda suka yi yaƙi da Japan a can tsakanin Disamba 1941 da Satumba 1945. Kakanninmu na ciki, a Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. 'Yan ta 81 sun ratsa kurmin kwarin Kaladan a 1944, inda mota ba ta shiga. Jirgin sama ke jefo musu abinci, su ɗauka a ka.

Amma mu juya bayan lambar. Babu suna, babu lambar soja, domin haka aka raba ta. Na Indiya da na Afirka ta Kudu kuwa an buga musu sunayensu. Mu a nan, in mai ita ya rasu, sai mu nemi takardarsa ta sallama, in gara ba ta riga mu ba.