Me ya kamata ya hau kariya?

Duk wanda ya kama hanyar Kano zuwa Kaduna ana jibi Sallah ya san yadda motoci ke barin gari: but ya cika har ba ya rufuwa, kariya ta yi tozo da buhuna da jarkoki, kantar da ke bayan kujerar baya kuma an jibge ta har direba ba ya ganin komai ta madubi. Ni a ganina kuskuren guda ne: ana kai wa kariya da kantar baya duk abin da ya rasa masauki, alhali kaya marasa nauyi kaɗai suka dace da su.

A ƙananan motoci da yawa, nauyin da kamfani ya yarda a ɗora a rufi yana tsakanin kilo 50 da 100 ne, har da nauyin ƙarfen kariyar, kuma adadin yana rubuce a littafin motar. Buhun shinkafa kilo 50 ne, jarkar ruwa mai lita 25 kuwa kilo 25, to da buhu ɗaya da jarka ɗaya wata motar ta riga ta kai iyakarta. Direba zai ce, "Alhaji, wannan ƙarfen ai maƙeri ne ya yi shi, ko buhu biyar zai ɗauka." Gaskiya ne ƙarfen zai ɗauka, amma motar ce ba za ta ɗauka ba. Nauyi in ya hau sama, mota takan riƙa rinjaya a kwana, birki ya ƙara nisa kafin ya tsayar da ita, ranar da aka kauce wa rami ko akuya da gudu kuma sai ta nemi kifewa. Masu cewa sun shekara suna yi lafiya lau, ba su gamu da wannan ranar ba ne tukuna. Wanda ya ce ba shi da wani wurin kuwa, musanya kawai zai yi: buhu da jarka su sauka but, a matsa su jikin kujera, katifa da tabarma da jakar tufafi su hau sama. A lulluɓe da tamfol, a cusa bakinsa na gaba ƙarƙashin kaya don kada iska ta shige shi, a ɗaure da igiya mai ƙarfi gaba da baya da gefe. Ban da robar tsohon tiyub, domin tana miƙewa, rana kuma tana cinye ta. Kaya sukan zauna in an fara tafiya, saboda haka wanda ya taso daga Kano ya tsaya a Kura ya sake jan igiyar.

Kantar baya ta fi ban tsoro, domin ba a ɗauke ta a bakin komai ba. In aka taka birki da ƙarfi, abin da ke kanta yakan ci gaba da gudun da motar ke yi, kuma in gudu ya ninka biyu, ƙarfin bugun yakan ninka huɗu. Filas ɗin shayi, gwangwanin madara, kwalbar turare, duk suna daidai ƙeyar yaran da ke zaune a baya. Hula da mayafi sun ishe ta, sauran a sa su a but ko a ƙasa wajen ƙafafu.