Yadda Ake Saƙa Kasuri a Kurume

Masaƙan garin Kurume, a tsibirin Kyushu na ƙasar Japan, tun zare bai hau masaƙa ba suke gama yi masa ado. Yadin na auduga ne, sunansa kasuri, kuma ana danganta farkonsa ga wata yarinya, Inoue Den, wajen shekarar 1800.

Za a zana adon a takarda, a yi wadari, a dafa zaren ya yi fari. Wannan duk mai sauƙi ne. Wuyar aikin tana wajen ɗauri. Mai ɗauri zai tattara zaren dami-dami, ya auna inda ake so ya zauna fari, ya naɗe wurin da ɓawon wani tsiro mai kama da rama. In ɗaurin ya yi sako-sako, baba zai kutsa ya ɓata farin. In ya yi ƙulli mai taurin kai, kwancewa za ta ci zaren. Ga kuma lissafi: zare yana tsukewa in ya sha ruwa, don haka gwani yakan bar rara tun wajen awo, da ido da sabo. Kuskuren rabin yatsa a nan zai bi yadin har ƙarshensa, tsuntsun da aka zana ya fito da karkataccen fiffike.

Rinin kuwa duk wanda ya san karofin Ƙofar Mata zai gane shi: baba da ruwan toka, a bar su su ruɓa. Ana tsoma zaren, a matse, a buga shi a ƙasa iska ta shige shi, a sake tsomawa har shuɗin ya kusa baƙi. Sannan a kwance ɗaurin, a shanya.

A kan masaƙa, wadda galibi mata ke zama, duk jifan ƙoshiya sai an tsaya an gyara zaren kwance da yatsa, farinsa ya haɗu da farin na tsaye. Ba ya taɓa haɗuwa cif, shi ya sa bakin adon ke yin dishi-dishi, kuma a ganina nan kyawunsa yake. Da wannan yadin manoma mata suka saba ɗinka wandon aiki, monpe, wanda wanki ke ƙara wa laushi.

A 1957 gwamnatin Japan ta sa sana'ar cikin muhimman kayan gadonta, bisa sharaɗin ɗaurin hannu, baba na asali, da saƙar hannu.