Me Ke Sa Rufin Kwano Gumi?

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in ɗan yi bayani a kan wata matsala da ta shigo gidajenmu na Cheberu da sauran garuruwan ƙasar Gwandu da Kalgo, tun da aka fara barin soro ana komawa rufin kwano. Matsalar kuwa ita ce danshin da ke taruwa tsakanin kwano da silin. Sau da yawa maigida zai ga tabo a silin, sai ya ce kafinta ya cuce shi, kwano na yoyo. Alhali kuwa wani lokaci ba yoyo ba ne, gumi ne.

A darasin kimiyya mun koyi cewa iska tana ɗauke da tururin ruwa wanda ido ba ya gani, kuma iska mai zafi ta fi mai sanyi ɗauka. Mu ɗauki iskar da za ta cika akwati mai mita 1 a tsawo da faɗi da tsayi. In zafinta ya kai digiri 30, tana iya riƙe ruwa kimanin giram 30. In ta huce zuwa digiri 20, ba ta iya riƙe fiye da giram 17. Sauran sai ya sauka a kan duk abin da ke da sanyi. Haka raɓa ke sauka a kan ciyawa, haka kuma kwalbar lemo mai sanyi ke gumi.

To, kwano yakan yi zafi da rana, amma da dare nan da nan yake hucewa, musamman in gari ya washe bayan ruwa a watannin Agusta da Satumba. Iskar da ke ƙarƙashinsa na taɓa shi sai ta saki ruwanta, ya riƙa ɗiga a kan silin. Soro bai cika yin haka ba, don ƙasa mai kauri a hankali take hucewa.

Waɗansu sukan shimfiɗa zana ko kwali a bisa silin don tare zafi. Dabara ce mai kyau, sai dai tana hana ɗumin ɗaki isa ga kwano da dare. In kuma an liƙe bakin rufi da laka don tsoron jemagu da ƙura, danshi ya rasa mafita ke nan. Ko a Ingila, inda suke shimfiɗa abin tare sanyi mai kauri a bisa silin, sai sun bar wa iska ƙofa a bakin rufi.

Ɓarnar ba kaɗan ba ce. Katako yakan ruɓe, ƙusoshi su yi tsatsa, silin ya lotsa, fumfuna kuma ta tsananta wa masu tari da asma. In ruwan ya ɗiga a kan buhunan gyaɗa ko masara, fumfunar tana iya haifar da guba mai lahanta hanta. A 1960 irin wannan guba a cikin ƙulin gyaɗa ta kashe talotalo kimanin 100,000 a Ingila.

Yaya za a bambanta yoyo da gumi? Yoyo yana bin ruwan sama, kuma a wuri guda yake, galibi inda aka buga ƙusa. Gumi kuwa da asuba yake fitowa ko ba a yi ruwa ba, kuma yakan game cikin kwanon duka.

Shawarata ita ce a buɗe bakin rufi ta ɓangarori biyu, a sa ragar waya don iska ta ratsa, jemage kuwa ya rasa hanya. A toshe tsagogin silin don kada tururin ɗaki ya hau. A daina shanya jiƙaƙƙun tufafi ko dafa ruwa a rufaffen ɗaki. Hatsi kuma a bar shi ya bushe sarai, a ɗora buhuna a kan katako nesa da bango.

Ina roƙon iyayenmu, kafin a kashe kuɗi a sauya kwano, a leƙa saman silin da sassafe tukuna. Kuɗin ragar waya bai kai na bandir guda na kwano ba. Allah ya sa mu amfana.