Wa Ya Ce Sai an Zuba Saiti Ɗaki Zai Yi Kyau?

Akwai wata magana da ta kama bakin mata daga Kankiya har Kusada, kuma duk shekara da an kai amfanin gona gida, bukukuwa sun kankama, sai ta dawo sabuwa fil. Wai ɗakin da ba a zuba masa saiti ba bai cika ɗaki ba. Gado da sif da madubi da durowar gefe duk su fito daga hannu ɗaya, da fenti ɗaya, da zane ɗaya, in ba haka ba 'yan ganin ɗaki su ce an yi wa yarinya tsince-tsince. Har na ji ana ƙara mata gishiri, wai sa tsohon abu a ɗakin amarya ba ya kawo alheri. Na daɗe a cikin sana'ar katako, kuma babu zancen da yake jawo wa iyaye asara kamar wannan.

Kusan kullum labarin iri ɗaya ne. Uwa tana da gadon maɗaci ko sif mai nauyi wanda tun aurenta yake tsaye bai ko girgiza ba. Auren 'yarta ya taso, sai a kira dillaliya ta ɗauke shi a kuɗin da bai kai na katifa ba. Uba ya kai sa kasuwar Charanchi, ko ya sayar da geron da za a ci zuwa damina, a hau hanyar Kano a sayo saiti mai ƙyalli. Kafin amarya ta yaye ɗan fari gindin sif ya kumbura, ƙofa ta faɗo, sannan a aiko wa kafinta ya zo ya duba. Ya duba me, Hajiya?

Su kansu masu yaɗa zancen sun manta da ɗakunan iyayensu. Jeren Hausa bai taɓa zama saiti ba. A ɗaki guda za ka ga gadon ƙarfe mai rumfa, da kabad na katako aikin kafintan gari, da jeren tasa da langa da kumbo har kusa da rufi, da faya-fayi masu rini, da dardumar da wani ya zo da ita tsarabar Makka. Ba wanda ya dace da wani a asali, amma 'yan jere na wancan lokaci sun san inda za su ajiye kowanne, babba a ƙasa ƙarami a sama, launi yana amsa launi. Daga baya gadon Vono ya shigo, sannan zamanin fomeka, sannan abin da ake kira 'yan Dubai da 'yan Turkiyya. Saiti dabarar mai shago ce. Ya fi masa sauƙi ya sayar miki da abu biyar a ciniki ɗaya, ko da biyu kike bukata, kuma ban ga laifinsa ba, kasuwa ya fito. Laifin na wanda ya mayar da dabarar ɗan kasuwa ta zama doka ne.

Ƙanwar wannan magana ita ce wai ɗan waje ya fi na gida. Tun a 2015 Babban Bankin Najeriya ya sa kayan ɗaki cikin jerin kaya 41 da ya hana wa dala a farashin hukuma, bai janye ba sai a watan Oktoban 2023. A tsakanin nan kafintocin Kano suka ƙware wajen kwaikwayon zanen waje, har ta kai da yawa daga abin da ake ce muku ɗan Turkiyya a Kano aka yanka shi aka harhaɗa. Wannan ba abin kunya ba ne, abin alfahari ne ma. Abin da ya dame ni shi ne abin da ke ƙarƙashin fentin, ko a ina aka yi shi. Mafi yawan waɗannan saitin da MDF ake yin su, wato garin katako da aka cuɗa da gam aka matse shi da zafi ya zama allo. Wani ma ko MDF bai kai ba, ɓarzajjen katako ne da ake iya gutsura da farce. Abin takaici, a shekarun baya an yi ta lodin maɗobiyar Taraba ana kai wa ƙasar Sin, can suna yin kayan alfarma da ita, mu kuma muna rububin garin katako.

Ban ce MDF haram ne ba. Yana da santsi, yana karɓar fenti, ba ya tsagewa da hunturu kamar ɗanyen katako, kuma ga ƙofar sif ko fuskar durowa ba shi da aibu. Amma ba ya jituwa da ruwa, ko kaɗan, kuma a nan nake so ku tsaya ku saurare ni. Katako na gaske in ya jiƙe yakan kumbura ya bushe ya koma kusan yadda yake. MDF in ya sha ruwa ya kumbura, ya tafi kenan. Ba rana, ba gam, ba ƙusa da za ta mayar da shi. Yanzu ku dubi yadda ake wanke ɗaki a gidajenmu. Tunda tayil ya shigo, sai a kwara bokitin ruwa da omo, a bi da tsintsiya, ruwan ya kwanta a ƙarƙashin sif inda tsumma ba ya kaiwa. Sif ɗin kuwa zaune yake daram a ƙasa, ba ƙafa. Kowane wanki yana sha kaɗan. Ɗakin leda ya fi muni, domin ruwan yana shigewa ƙarƙashinta ya kwana. Ga kuma watan Agusta, lokacin da bangon da ba a yi wa harsashi mai kyau ba yake tsotso danshi daga ƙasa, an kuwa manna masa bayan gado da bayan sif. Ga randa ko kular ruwa da ake ajiyewa a gefen durowa tana gumi. Ga fitsarin goyo. Duk wanda zai sa allon nan a ɗaki, to ya sa kafinta ya yi masa ƙafa ta roba ko ta ƙarfe mai tsawon inci 3 zuwa 4, ya janye shi daga bango kamar faɗin tafin hannu, kuma a daina kwara ruwa, a matse tsumma a goge. Na faɗa, zan sake faɗa: a daina kwara ruwa. Akwai kuma maganar tashi. Ma'aikaci da ke haya a Kankiya yau, gobe a mayar da shi Katsina ko Dutsin-Ma. Ramin noti a jikin MDF in an kwance an ɗaura sau ɗaya sau biyu ya buɗe, ba ya ƙara riƙewa. Saboda haka abin da ke ɗaukar nauyi, wato gado, shi ya fi cancanta da katako na gaske ko ƙarfe, sauran kuma a yi su da allo in aljihu ya ce haka. Kun ga tun daga nan hankali ma ya ce a gauraya.

To me ya sa wasu ɗakunan da aka gauraya suke fitowa kamar shagon gwanjo? Ba bambancin zamani ba ne. Girma ne bai daidaita ba, launi ya yi yawa, kuma kowane abu yana son a fara kallonsa.

A fara da awo, tun kafin a je kasuwa. Mafi yawan ɗakunanmu ƙafa 12 ne a kan 12, wasu 10 a kan 12. Katifa 6 da 7 in ta hau gadonta takan ci kusan ƙafa 6 da rabi a faɗi, 7 da rabi a tsawo. A ƙara durowar gefe biyu, kowace ƙafa 1 da rabi, bango ya tafi ƙafa 9 da rabi. Sif mai ƙofa shida yana da zurfin ƙafa 2. In an ajiye shi daura da ƙafar gado, abin da ya rage ƙafa 2 da rabi ne, a nan za a buɗe ƙofar sif, a nan za a wuce, a nan za a shimfiɗa sallaya. Madubi da kujerarsa ba su ma shigo ba tukuna. A ɗaki mai ƙafa 10 kuwa wurin ya fi haka matsewa, shi ya sa ake toshe taga da sif, sai zafin Afrilu ya zo a ce ɗakin ba ya shan iska. Wanda ya sayi saiti ba ya rage komai tunda ya riga ya biya. Mai haɗawa da kansa yana iya ɗaukar katifa 6 da 6, sif mai ƙofa uku, durowa ɗaya. Ku auni ƙofar ɗakin ma, da zaure, don ba sau ɗaya ba na ga an cire ƙyaure ranar jere.

Bayan awo sai a zaɓi shugaba, abu ɗaya tak da ido zai fara sauka a kansa. Galibi gado ne. In gadon mai sassaƙa ne, mai ruwan gwal, to sif da durowa su zama lafiyayyu marasa zane. In kuwa tsohon sif ɗin Hajiya ne mai ado, gado ya yi shiru. Masu ado biyu a ɗaki ɗaya kamar zakaru biyu ne a akurki.

Launi kuma ba sai ya zama ɗaya ba, ya dai zama dangi. Maɗaci ja-ja ne, yana tafiya da ruwan ƙasa da ruwan zuma da ruwan madara. Fari sol da ruwan toka da baƙi su ma gidansu ɗaya. In za a tsallaka daga wannan gida zuwa wancan, a tsallaka sosai, jan katako da farin sif misali, sun fi kyau a kan ja biyu da suka kusa zama ɗaya amma ba su zama ba, wanda ido ke ɗauka kuskure ne. Duk launin da ya shigo ɗakin ya bayyana a wuri biyu aƙalla. Farin sif ya sami farin labule ko zanen gado, kuma a Kantin Kwari babu launin da za a nema a rasa. Kada a zaɓi launi a ƙarƙashin fitilun shago, a sa a fito da abin rana.

Mafi araha a cikin dabarun, wadda kusan ba wanda ke yi, ita ce canza mariƙi. A cire hannayen sif da na durowa da na madubi, a sa iri ɗaya, ko ruwan gwal duka ko ruwan azurfa duka. Kayan zamani uku sai su zama kamar tare aka haife su. Haka tsayi: saman durowar gefe ya yi daidai da saman katifa, ko ya bambanta da inci 2 kawai. Maganar ƙyalli ba sai na tsaya a kanta ba, kowa ya san abu mai sheƙi kamar gilashi ba ya zama kusa da wanda fentinsa ya mutu sai an sabunta tsohon. A goge shi da sanfefa, a shafa banish, ya wadatar. Kada a yarda wani yaro ya lulluɓe maɗaci da farin fenti.

Wata kalma kan gadon nan mai allon kai na karan-miski da maɓallai da ake yayi. Ƙurar hunturu a wannan yanki ba ta san ado ba, kowane rami sai ta cika shi, kuma kuɗin cizo ba shi da mafakar da ta fi wannan. Tsohon kaya ko na hannu, kafin ya shiga ɗaki, a kwance shi a tsakar gida, a duba mahaɗai da ramukan noti, a shanya shi a rana. In an ga garin katako yana zuba daga ƙananan huda, ƙwaro na ciki, a kai wa kafinta ya sa magani. Kada a shafa baƙin mai don gudun gara, warinsa ba ya fita kuma yana ɓata zannuwa. Kada kuma a tsiyaya fiya-fiya a jikin gado a rufe ɗaki a kwana, maganin gona ne, yana kisa. Sabon MDF shi ma yana fitar da warin gam mai yaji a ido, musamman da zafi, don haka a bar tagogi buɗe na wasu kwanaki kafin a kawo amarya.

Ba zan ƙyale 'yan uwana kafintoci ba. Wasunmu sukan sayo ɗanyen farin katako a 'Yan Katako ta Rijiyar Lemo ko ta Na'ibawa, su fesa masa ja su ce maɗaci ne. An yi shi da damina yana jiƙe, Disamba na zuwa iska ta bushe, ya tsage, mahaɗai su saki, sai mai kaya ta rantse ba za ta ƙara sayen na gida ba. Mu muka kori mutane zuwa ga saiti. Ku ma iyaye kuna da naku: ku kawo aiki saura kwana goma biki, ku biya rabi, ku ce a yi sauri. Katako ba ya bushewa don an sa rana.

Uwargida kuma, in Alhaji zai ƙara aure, ba dole ba ne ki fitar da komai don ki yi daidai da ɗakin amarya. Sabon labule, sabon mariƙi, banish, da katifa mai kyau in tsohuwar ta lotsa, sun isa.

In za a ba kafinta aikin abu ɗaya ko biyu da za su zauna da tsofaffi, a kai shi ɗakin ya auna da kansa ya ga launin da ido, hoton waya yana ƙarya. A rubuta a takarda wane ɓangare ne katako, wane iri, wane ne allo, da kaurinsa. A je a ga aikin tsirara kafin a fesa fenti, a leƙa baya da ƙarƙashi da cikin durowa, a ɗaga a ji nauyi. Cikon kuɗi kuma sai an kawo an ɗaura, kuma ranar kawowa ta riga ranar jere da mako biyu.