Ruwan rake ba ya jira: kula da mazubi da lokaci wajen dafa mazarƙwaila

Mazarƙwaila ruwan rake ne da aka dafa har ruwan ya ƙone, zaƙin ya daskare. Curin da ake gani a Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), yawanci ba a cikin ganuwa ake dafa shi ba. Daga garuruwan fadama yake zuwa, kamar Maƙarfi a ƙasar Zazzau, inda ake kafa injin matsa a bakin gona. Amma tun da ƙananan injinan matse rake suka yawaita, ana samun matan aure masu yin alkaki da nakiya, da matasa masu sha'awa, suna gwada dafa tasu a tsakar gida. Yawancin masu koyon nan wuta suke ɗora wa laifi idan abu ya ƙi daskarewa, alhali tun a bokiti ya lalace.

Sana'ar tana da 'yan uwa a duniya. A Kanada da arewa maso gabashin Amurka, daga Fabrairu zuwa Afrilu, ana huda gindin bishiyar mapul a soka ɗan bututu, a rataya bokiti mai murfi yana tarar ruwan da ke ɗiga. Zaƙin ruwan wajen kashi 2 ne cikin 100, shi ya sa sai an dafa wajen lita 40 kafin a sami lita ɗaya mai kauri. Lardin Kebek na Kanada kaɗai ke samar da kusan kashi 70 cikin 100 na dafaffen ruwan mapul da duniya ke sha. Mai rake ya fi su sa'a ta wani fanni, domin ruwansa na ɗauke da zaƙi kashi 15 zuwa 20, kuma kilo 100 na rake kan ba da mazarƙwaila wajen kilo 10. Ta wani fannin kuwa sun fi shi: su ƙanƙara ke tsare musu ruwan, shi kuwa zafin Kano yake fama da shi.

Aiki yana farawa daga zaɓen rake. Wanda ya nuna sosai ake nema, mai gaɓoɓi masu tauri, kuma lokacinsa daga kaka ne zuwa ƙarshen hunturu. Da zarar an sare shi, zaƙinsa ya fara sauyawa, don haka raken da ya yi kwanaki a jingine a rana, ko ya yi ja a ciki, ko yake tashin tsami a wurin sara, na sha ne in ma ya shawu, ba na dahuwa ba. A yanke kan da ke kusa da ganye a ajiye gefe, a kankare saiwa da laka, a wanke kafin a kai bakin inji.

Abin da ke faruwa a cikin bokiti ido ba ya ganinsa. Sukarin da ke cikin rake iri ne mai daskarewa. Idan ruwan ya zauna cikin ɗumi, ƙwayoyin halitta da ke jikin ɓawo da haƙoran inji da gindin mazubi sukan far masa, su tsinka shi zuwa gulukos da furuktos, waɗanda suna da zaƙi amma ba sa yin ƙanƙara komai daɗewarsu a wuta. Wasu ƙwayoyin kuma yauƙi suke haifarwa. Alamar farko ita ce launi ya tashi daga kore-kore ya koma duhu, sai ƙananan kumfa su jeru a gefen bokiti ba tare da an motsa ba, sai wari mai kama da na kunun da ya kwana. In an tsoma yatsa aka ɗaga aka ga zare, magana ta ƙare: za a ƙona itace a tashi da maɗi mai danƙo. Saboda haka ƙa'idar ita ce a hura wuta kafin a tayar da inji, kuma kada a matse fiye da abin da tukunya za ta ɗauka a zubi ɗaya. Ruwan da aka matse da hantsi ba ya jiran la'asar, balle ya kwana, kuma ba a zuba sabo a kan tsoho don a cika tukunya.

Mazubin kansa abin dubawa ne, musamman a cikin birni inda jarka ɗaya kan yi aiki goma. Bokitin fenti, jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko kananzir ko maganin feshi, duk ba su da wuri a nan ko an wanke su sau nawa, domin dahuwa tattara abin da ke cikin ruwa take yi: ɗan warin da ba a ji a lita 6 zai fito fili a kilo ɗaya. Bokitin ƙarfe mai rufin tutiya ma ba shi da kyau, tunda ruwan rake na da ɗan tsami da ke cin rufin. Masu mapul sun daɗe da yin watsi da tsofaffin bokitai masu liƙin darma saboda irin wannan dalili. Farar roba ta abinci ko ƙarfe mara tsatsa, mai murfi saboda ƙuda da zuma da ƙurar hunturu, ita ce daidai. A ɗaura ƙyallen tata mai tsabta a baki, a ajiye a inuwa. Bayan aiki a wanke komai da tafasasshen ruwa a kife ya bushe. Sabulu mai ƙamshi yakan bar ɗanɗanonsa. Wurin da aka fi mantawa shi ne mazurarin inji da ƙasan haƙoransa, inda tukar jiya ke maƙalewa ta zama irin tsamin yau.

Tukunya mai faɗin baki da gajeren ciki ta fi mai zurfi, don tururi ya sami hanya. A tsakar gida za a yi, ba a ɗaki ba. Kafin tafasar farko wata baƙar kumfa mai datti za ta taso, kuma a nan ne ake rage wuta a kwashe ta da mara a natse, kada a bari tafasa ta mayar da ita ciki. Masu yin irin wannan sukari a Indiya sukan daka karan kuɓewa su zuba yauƙinsa don ya tattaro dattin sama. Hasken curi daga wannan kwasar yake zuwa. Hodar da wasu ke barbaɗawa don launi ya yi fari ba ta gyara komai sai ido.

Daga nan sai a saki wuta har ruwan ya ragu ya yi kauri, kumfarsa ta koma manyan ƙwai masu fashewa a hankali. Yanzu ne ake ja da itace baya ana juyawa da muciya ba ƙaƙƙautawa, domin tsakanin nuna da ƙonewa ɗan taƙi ne. Mai ma'aunin zafi zai sauke a digiri 118 zuwa 120. Wanda ba shi da shi sai ya ɗiga kaɗan a ƙoƙon ruwan sanyi: in ya narke da saura, in ya dunƙule ya murzu tsakanin yatsu ya yi. Tafasasshen sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi kuma yana manne wa fata, don haka a kore yara daga wurin. Bayan saukewa ana ci gaba da bugawa har ya dushe ya fara kamawa, sannan a zuba a ƙananan kwanoni ko ƙoƙuna ya sha iska.

Mazarƙwaila tana jan laima. A hunturu takan yi watanni ba abin da ya same ta, amma da damina ta kankama sai ta fara gumi, ta yi laushi, fumfuna ta hau. Sai ta huce sarai ake naɗe ta, a sa a mazubi mai rufuwa ruf, a ɗora a kan katako nesa da ƙasa da jikin bango, kuma curin da ya fara jiƙewa a raba shi da sauran a fara amfani da shi.