Darasin Kimiyya: Inda Ƙwayar Magani Take Tare Ciwo

To ɗalibai, a buɗe littattafai. Yau za mu bi sawun ciwo a jiki, mu ga inda kowace ƙwaya take tare shi.

A ce ƙusa ta soki ɗan dako a kasuwar Mont-Bouët, nan Libreville. Naman da ya ji rauni yakan fitar da sinadarin furostagilandin, wanda ke ƙara wa bakin jijiyoyi saurin ji. Jijiyoyin su aika saƙo zuwa laka, laka ta miƙa wa ƙwaƙwalwa. Sai saƙon ya isa can mutum yake cewa wayyo.

Asfirin da ibufurofen tun daga wurin raunin suke fara aiki: suna hana jiki haɗa wannan sinadari, kumburi ya saɓe, zogi ya lafa. John Vane na Ingila ne ya gano haka a 1971. Sai dai furostagilandin ɗin nan shi ke kare bangon ciki, shi ya sa mai gyambon ciki yake shan wuya da su. Farasitamol kuwa galibin aikinsa a laka da ƙwaƙwalwa yake. Babba kada ya wuce giram 4 a yini, don hanta ke ɗaukar nauyin.

Yanzu ku kasa kunne, ga wadda ta fi damuna. Tiramadol, wadda kamfanin Grünenthal na Jamus ya fitar kasuwa a 1977, ita ce a Kano ake kira tiramol, a nan kuma tana cikin ƙwayoyin da matasa ke kira kobolo, waɗanda suka addabi makarantun birnin nan wajen 2017. Ba ruwanta da raunin. Kai tsaye take zuwa laka da ƙwaƙwalwa, ta maƙale a gurbin da maganin ciwo mai ƙarfi, wato mofin, ke kamawa, ta dushe saƙon. Ƙusa na nan a ƙafa, ɗan dako na ta ɗaukar kaya. Da ƙwaƙwalwa ta saba, ƙwaya ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai uku. Likita ba ya wuce miligiram 400 a yini. In an zarce, ana iya faɗuwa ana jijjiga kamar mai farfaɗiya, numfashi ma ya yi ƙasa, musamman in an haɗa da giya.

Aikin gida: kowa ya duba kwalin maganin ciwon da ke gidansu, ya rubuto sunansa da miligiram ɗinsa, ya faɗa mini a ina yake tare saƙon.