Zafi da Sauyin Siffar Roba: Zaɓen Kalma a Fassarar Kimiyya

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa malamin Hausa kan gamu da batun kimiyya wanda ba shi da tsayayyun kalmomi a harshen. Wannan darasi ya ɗauki yadda zafi ke mayar da fallen roba mazubi a matsayin misali, domin nuna hanyar zaɓen kalma.

2.0 Yadda Abin Ke Faruwa

Roba iri biyu ce. Akwai wadda in ta daskare ba ta sake yin laushi, kamar Bakelite da Leo Baekeland ya ƙirƙiro a Amurka a 1907. Akwai kuma wadda ke yin laushi duk lokacin da ta ji zafi. Irin wannan ce ake gasa fallenta, a ɗora kan ƙarfe mai siffar abin da ake so, a zuƙe iskar da ke tsakani, sai fallen ya manne ya ɗauki siffar ƙarfen. Haka ake yin kofin yogot da farantin renon tumatir.

Ita kuwa gorar ruwa, miƙe robarta aka yi a masana'anta. Da zarar zafi ya kai kusan digiri 70, sai ta yi laushi ta nemi komawa yadda take. Shi ya sa idan mai kunu a kasuwar Funtuwa ko Malumfashi ta ɗura shi da zafinsa, gorar kan motse.

3.0 Zaɓen Kalma

"Roba" da "leda" aro ne daga Ingilishi, kuma ma'anarsu ta sauya, domin asalin "leda" fata take nufi. Matsalar tana wajen aikatau. Kuskure ne a ce fallen ya "narke", tunda bai zama ruwa ba, laushi kawai ya yi. Rabe-raben aikatau da Parsons ya fitar a 1960 na taimakawa a nan:

(a) Zafi ya lanƙwasa roba (rukuni na 1).
(b) Roba ta lanƙwashe (rukuni na 4).
(c) Roba ta lanƙwasu (rukuni na 7).

Jimla ta (b) ta dace da gorar kunu da ta lalace, ta (c) kuwa da fallen da ya ba da siffar da ake nema.

4.0 Kammalawa

Malamin da ya rikita waɗannan kalmomi zai koyar da kimiyyar da ba daidai ba, ko da Hausarsa ta yi daɗi.

Jinga: Bambanta "narke", "motse" da "lanƙwashe", tare da misali ɗaya-ɗaya daga kayan gona.